Rigar Ruwa da Yadda Ake Ɗaura Ta

Mutumin Ƙofar Sauri ba ɗan ruwa ba ne. Ruwan da ya sani shi ne Ginzo, wanda kan kawo da damina. Amma ga madatsun ruwa a Ajiwa da Jibiya da Zoɓe, inda baƙo kan shiga kwalekwale bai iya iyo ba. A 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, a ƙasar Kano, mutum fiye da 20 suka halaka, galibinsu yara.

Abin da ke hana nitsewa shi ne rigar ruwa, wadda ke aikin goran masunci. Sai dai gora riƙe shi ake yi, wanda ya galabaita kuwa ba ya riƙo. Ita riga ɗaura ta ake yi, to, a nan ake kuskure. Masu wasan zamiya bisa ruwa a Amurka, waɗanda jirgi mai inji ke ja da igiya, sukan tsuke tasu tam, gama in mutum ya faɗa da ƙarfi, ruwa kan tuɓe masa sakakkiyar riga ta kai.

Saboda haka a sa ta tun daga gaɓa, bisa tufafi, a ɗaure kowane maɗauri. Sa'an nan wani ya kama kafaɗunta ya ja sama. In ta taɓo kunne, ba ta zauna ba. Kada a sa wa yaro ta babba.

Ana roƙon hakimai su tara sarakunan ruwa a gwada musu wannan a fili, malamai kuma su rubuta yawan rigunan kowane jirgi da yawan mutanen da yake ɗauka.