Ciwon Guringuntsin Haƙarƙari

Ran Babbar Salla, idan an yanka rago ana fiɗa, ku matso kusa ku dubi ƙirjinsa da kyau. Za ku ga haƙarƙari sun jeru, sun tanƙwaro kamar tsaikon ɗaki. A bakin kowane ɗaya, wajen da ya nufi ƙashin ƙirji, akwai wani farin abu mai ɗan taushi, wanda yara kan so su tauna in an dafa. Wannan shi ne guringuntsi. Ku taɓa kunnenku, ko kan hancinku, abin da kuka ji yana lanƙwasuwa ɗin nan shi ma guringuntsi ne.

To, mutum ma haka Allah ya halicce shi. Yana da haƙarƙari 24, watau 12 a dama, 12 a hagun. Dukansu daga ƙashin baya suka taso. Bakwai na sama a kowane gefe, ko wanne da nasa guringuntsi wanda ya haɗa shi da ƙashin ƙirji. Uku masu bi musu sun rataya ne ga guringuntsin na bisansu. Biyu na can ƙasa kuwa ba su iso gaba ba sam.

Mene ne amfaninsa? Kun ga zugazugin maƙeri, yadda yakan buɗe ya sha iska, ya tsuke ya fitar. Haka ƙirjinmu yake yi, kusan sau 20,000 tsakanin dare da rana. Da a ce ƙashi ne zalla ya kewaye huhu, da numfashi ya zama aiki mai wuya. Guringuntsi shi ke sa haƙarƙari su ɗaga su sauka ba tare da sun karye ba.

Wani lokaci mahaɗar nan takan ƙullu da ciwo, ta yi kumburi daga ciki. Likitoci suna ce da wannan kostokondiraitis. Yakan biyo bayan tari mai tsanani, ko ɗaukar kaya mai nauyi, ko faskare, ko daka, ko bugu a ƙirji wajen kokawa da ƙwallo. Sau da yawa ma haka kawai yake zuwa, a rasa dalili. Mai shi yakan ji suka a gaban ƙirji, galibi ta wajen hagun. In ya ja dogon numfashi, ko ya yi tari, ko atishawa, ko ya juya a shimfiɗa, sai zafin ya ƙaru. In aka danna wurin da yatsa sai ya zabura, ya ce, “Nan ne!” Yawanci ido ba ya ganin kome a wurin. Amma akwai wani iri wanda kumburinsa kan fito fili, wani likita Bajamushe, Alexander Tietze, shi ya bayyana shi a 1921, har yanzu kuma da sunansa ake kiransa.

Da yake zuciya tana kusa da nan, mutane sukan tsorata ƙwarai, su ce ciwon zuciya ne ya kama su. Alhali kuwa wannan ciwo bai shafi zuciya ba, ba ya kisa, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Duk da haka kada kowa ya yanke wa kansa hukunci a gida. Mu Hausawa cututtuka da yawa muke haɗawa mu ce musu ciwon haƙarƙari, waɗansunsu kuwa miyagu ne. Saboda haka abu na fari shi ne a tafi asibiti. Likita zai yi tambayoyi, ya danna ƙirjin, ya sa abin saurare ya ji motsin zuciya da huhu. In ya ga dalili, ya sa a ɗauki hoton ƙirji, ko a auna bugun zuciya da na'ura. Sai ya tabbata ba wata cuta ba ce, sa'an nan ya ce guringuntsi ne.

Akwai alamun da ba a jira da su ko na awa ɗaya. In mutum ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, ciwon yana tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, ga gumi, ga jiri, ga numfashi sama-sama, lalle a gaggauta kai shi asibiti. Haka nan in da zazzaɓi mai zafi, ko jini a cikin kaki. Yaro mai amosanin jini, watau sikila, in ya yi kukan ƙirji, shi ma ba a kwana da shi a gida. Tarin da ya kai mako biyu bai tafi ba, a je a gwada, don kada ya zama tarin fuka.

To, in an tabbata guringuntsi ne, yaya ake yi? Babban maganinsa hutu. Ba a ce mutum ya kwanta ya ƙi tashi ba, a'a. Yana iya zuwa makaranta, yana iya yawo. Abin da zai bari shi ne aikin da ke ta da ciwon, kamar jan guga, da sungumar buhu, da tseren gudu. Kun san gyambon da ake fama kullum ba ya warkewa da wuri, wannan kuwa wuri ne da ke motsi da kowane numfashi, don haka sai an yi masa haƙuri.

Gashi yana taimako. A tsoma tsumma mai tsabta cikin ruwan ɗumi, a matse, a ɗora a wurin kamar minti 15, sau biyu ko uku a yini. A fara gwada ruwan a bayan hannu tukuna, gama an sha ƙona fatar yara da sunan gashi. In tari ya taso, a rungume matashin kai a ƙirji, zafin zai ragu.

Likita yakan ba da ƙwayar rage zafi, kamar farasitamol ko ibufurofen. Shi ibufurofen bayan an ci abinci ake shansa, mai gyambon ciki kuwa, da mai ciwon ƙoda, da mace mai juna biyu, kada su sha sai da izinin likita. Yaron da bai kai shekara 16 ba, ba a ba shi asfirin. Ku kuma, yara, kada ku sayi ƙwaya wurin mai talla ku haɗiye, kome zafin ciwo. Ku gaya wa iyayenku ko malaminku.

Waɗansu sukan kira wanzami ya kafa ƙaho, ko ya yi tsaga, ko a yi sakiya. Babu mataccen jini a wurin balle a zuƙe shi. Abin da za a samu kawai shi ne sabon rauni a kan tsohon ciwo, aska marar tsabta kuma tana iya sa wa mutum cutar da ta fi wadda yake da ita.

Yawanci cikin 'yan makonni ciwon yakan lafa, amma ga waɗansu yakan ɗauki watanni, ya tafi ya komo. In ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a koma wurin likita, yana iya yin allura a daidai mahaɗar don kumburin ya kwanta. Wanda ya sami sauƙi kuma kada ya ɗauki tulu cike ran farko. Ya fara da rabi, in ƙirjin bai ce kome ba, bayan kwana biyu ya ƙara.