Tsohon Bidiyon Gidanku Zai Iya Tashi

A gidaje da yawa a Tambuwal da Kebbe akwai tsohon bidiyo mai kaset a saman kabad, an lulluɓe shi da zani. Gefensa kwali ne cike da kaset: bikin yayarka, sunan ɗan fari, dawowar Baba daga Hajji, da fim ɗin Sangaya da aka kalla har launinsa ya koɗe. Funai na Japan, kamfani na ƙarshe da ke ƙera irin wannan na'ura, ya daina tun 2016. Sabo dai babu. Na hannunka za ka lallaɓa.

Ƙanena, riƙe wannan tukuna: kaset ɗin biki ya fi bidiyon daraja. Ni na cusa na auren yayata a bidiyon da ya shekara goma ba a kunna ba, ya tauna daidai wurin da kakarmu ke rangaɗa guɗa. Har yau Inna ba ta daina yi min gori ba. Duk gwajin da za ka yi, yi shi da kaset ɗin da ko ya lalace ba za ka ji zafi ba.

Gobe da safe ka tanadi sukundireba, tocila, sabon burushin fenti, farar takarda da sipirit daga kemis.

1. Fara da wuta. Gwada soket ɗin da cajar waya. Duba rubutun da ke bayan bidiyon: in ka ga 110 ko 120, ɗan Amurka ne, sai da tiransifoma mai rage wuta, don tamu 230 ce. In janareta ne, bari ya daidaita kafin ka jona. Ko fitila bai kawo ba? Mai yiwuwa fiyus ne, ɗan bututun gilashi kusa da inda wayar wuta ta shiga. Sa mai lamba iri ɗaya. Kar ka naɗa masa waya ko takardar sigari. In sabon ya sake ƙonewa, tsaya nan, aikin mai gyara ne.

2. Zare filogi, sannan ka buɗe murfi. Ɗauki hoton cikin da wayarka kafin ka taɓa komai. Za ka sha kallo: ƙurar hunturu ta shekaru, gidan zanzaro, kashin ɓera, wani lokaci har kwabon da yara suka zura. Share da burushi a hankali. Ɓangaren da wayar wuta ta shiga kuwa, da ido kawai za ka duba shi, don kafasita tana riƙe wuta ko bayan an zare filogi. In ka ga wadda kanta ya kumbura, ka gano ciwon, amma ba kai za ka canza ta ba.

3. Duba bel. In motar cikin bidiyon tana kuka amma kaset bai juyawa, ko ya haɗiye kaset ya tofo shi, galibi bel ne. Kifa bidiyon, kwance farantin ƙasa. Zafin bazarar Sakkwato ba ya barin roba: ko ta saki, ko ta narke ta zama kamar kwalta. Goge wurin da sipirit. Auna hanyar bel ɗin da zare, ka nemi wanda ya ɗan fi zaren gajarta wurin masu gyaran rediyo. In babu a gari, ba direban da ke zuwa Jega ko Sakkwato sautu. Robar ɗaure kuɗi ta gwaji ce kawai, ba ta kwana biyu.

4. In yana cin kaset, dubi baƙar robar nan mai kamar ƙaramar taya da ke matse zaren kaset a jikin wani siririn ƙarfe. Goge su duka biyun. In robar ta yi sheƙi ko ta tsage, sai canji. Kaset ya maƙale? Kar ka fizga. Zare filogi, ka juya ƙaramar motar da ke shigar da kaset da yatsa har hannuwan da ke jan zaren su koma mazauninsu, ka naɗe zaren da ya zubo, sannan ka fitar.

5. Murya na fita, hoto babu, ko allo ya cika da yayyafi? Fara da wayoyi: ruwan ɗorawa ta hoto ce, fara ta murya. In suna daidai, hed ne ya yi datti, kuma a nan ne mutane ke kashe bidiyonsu da hannunsu.

Ka ga gangar nan mai sheƙi da ta ɗan karkace? Tana juyawa sau 1,500 a minti ɗaya. A gefenta na ƙasa akwai 'yan ƙananan tagogi biyu ko huɗu, a ciki hed yake, bai kai ƙwayar gero ba. Yanko farar takarda, jiƙa ta da sipirit, ɗora ta a jikin gangar da yatsa ɗaya ba tare da dannawa ba. Da ɗaya hannun ka juya gangar daga sama, a hankali. Takardar ba ta motsi, gangar ce ke tafiya. Za ka ga baƙin layi ya fito. Canza takarda ka maimaita har ta fito fes. Kar ka goga sama da ƙasa, hed zai karye. Kar ka sa auduga, zarenta na sarƙewa. Ba shi minti goma ya bushe.

Layi-layi a hoto kuma, danna maɓallin Tracking har ya washe. In kaset guda ne ya fito fari da baƙi, bidiyonka lafiya lau, da tsarin wata ƙasa aka ɗauki kaset ɗin: a zamanin kaset Nijeriya tsarin PAL take bi, Nijar da Faransa SECAM, Amurka NTSC.

6. Yi gwaji a ɗaki, ba a tsakar gida ba. Bidiyo na gane ƙarshen kaset ne da ɗan haske, don haka in murfi na buɗe rana ta haska ciki, sai ya rikice ya yi ta tofo kaset. Rufa masa kwali. Da damina in ya rubuta DEW, raɓa ce ta kama gangar. Bar shi a kunne ba kaset, awa ɗaya ko biyu.

7. Ya tashi? Yanzu ɗauko kaset ɗin biki. Leƙa ta gilashinsa: in ka ga fari-fari kamar gari, fumfuna ce, kar ka sa shi, zai ɓata hed ɗin da ka wanke. In yana da tsabta, ɓalle ɗan harshen da ke bayansa don kar wani ya danna ɗauka a kai. Tura shi gaba har ƙarshe, ka mayar da shi farko, zaren ya warware.

8. Kwafe a ranar. Akwai 'yar na'ura da ke haɗa bidiyo da leftof ta USB, ita ta fi fitar da hoto mai kyau. In ba ka samu ba, kashe fitilar ɗaki, jingina wayarka a kan kujera daidai allon talabijin, ka kori yara waje. Kaset mai lamba E-180 awa uku ne, awa ukun zai ci, sai ka cika caji, ka tanadi wuri a memori. Ajiye kwafi ɗaya a filashi, ka tura ɗaya ga 'yan'uwa.

In duk ka bi wannan yana kashe kansa bayan daƙiƙa kaɗan, ce wa mai gyara ya wanke makunnin da ke gaya wa bidiyon matsayin da hannuwansa suke, datti na yawan kama shi. Ku yi ciniki kafin ya kwance, kuma kaset ɗin gwaji za ka bar masa. Na biki ya kwana a gida.