Yaya aka yi igwar jirgin ruwan yaƙi ta zo Garwa?

TAMBAYA: Wani mai karatunmu daga unguwar Roumdé Adjia a Garwa ya rubuto yana cewa: "Tun ina yaro nake jin dattawa suna faɗin wai igwar jirgin ruwan yaƙi ce ta kori Jamusawa daga garinmu. To ina Garwa ina teku? Gaskiya ne, ko dai hirar dare ce?"

AMSA: Malam, dattawan nan ba tatsuniya suka ba ka ba. An yi haka a 1915, kuma kogin Binuwai da ka sani shi ne hanyar da igwar ta biyo.

A wancan zamani Kamaru tana hannun Jamus, Garwa kuwa ita ce ƙofar arewa. Ga ta a bakin kogi, ga Yola ta Ingilishi can ƙasa da ita ba nisa, duk jirgin da ya hauro da kaya idan ruwa ya kawo a nan yake sauke su. Wanda ya riƙe Garwa ya riƙe hanyar Ngaundare da ta Marwa. Saboda haka Jamusawa suka kafa sansanoni a kan tudun da ke kallon garin.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Ingilishi suka ɗauka abin na kwana biyu ne. A ƙarshen watan Agusta 1914 wata runduna ta taso daga Yola ƙarƙashin Kanar Maclear, ta faɗa wa sansanonin da dare, har ta kama ɗaya. Gari na wayewa Jamusawa suka dawo da bindigogi masu sarrafa kansu, suka yi musu ruwan wuta. Maclear ya mutu a nan tare da wasu hafsoshinsa, sauran suka koma Yola a warwatse. Kwamandan Jamus, Kyaftin von Crailsheim, bai zauna ba. Ya sa leburori 'yan ƙasa suka yi wata da watanni suna tada ganuwar ƙasa, suna jan waya mai ƙaya, suna haƙa ramuka a kafa mashi a ciki a rufe bakin. Har ƙarfin hali ya yi a watan Afrilu 1915, ya tsallaka iyaka ya kai hari Gurin, tsohon mazaunin Modibbo Adama.

Ingila da Faransa suka gane cewa ƙirji ba ya fasa irin wannan wuri. Sai an samo makamin da zai tsaya nesa, inda harsashin Jamusawa ba ya kaiwa, ya riƙa jifa. Irin wannan makami kuwa yana bakin teku. Akwai jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Challenger, wanda ke cikin waɗanda suka karɓe Duwala ran 27 ga Satumba 1914. Daga gare shi aka sauko da igwa guda, irin wadda harsashinta ya ɗan haura kilo 5. Aka bi da ita ta teku zuwa bakin Kwara, aka hauro Lakwaja, aka karya aka shiga Binuwai, tafiyar fiye da kilomita 1,000.

Nan ne nake so ka ɗan tsaya ka yi tunani, domin kai ka san Binuwai da rani. Ka san yadda yashi ke fitowa fari fat a tsakiyar kogi, har yara su ratsa da ƙafa. A irin wannan lokaci aka yi jigilar. Ƙarfe ne mai nauyin ɗaruruwan kilo, ga ƙafafunsa, ga akwatunan harsashi. Inda ruwa ya ƙare wa jirgi sai kwale-kwale, inda kwale-kwale ya kafe sai mutane su shiga ruwa su tura, ko a ɗaura igiya a ja. Littattafan Turawa sun adana sunan jirgin da sunayen hafsoshi. Matuƙa kwale-kwale da 'yan dakon da suka yi wannan aiki da kafaɗunsu, su ba a rubuta su ba, kuma abin yana ci mini rai duk sanda na karanta labarin.

Faransawa su ma suka kawo tasu igwa mai bakin milimita 95. Kanar Cunliffe na Ingila da Kanar Brisset na Faransa suka kewaye Garwa, ran 31 ga Mayu 1915 aka fara luguden wuta. Da rana igwa, da dare sojoji su haƙa rami su ƙara matsowa. Yawancin masu haƙan nan 'yan Najeriya ne, kuma da Hausa ake ba su umarni. Waɗanda ke cikin sansani suna shan wutar su ma baƙar fata ne, 'yan tsirarun Turawa ne kawai a kansu. Ka ga ke nan, faɗan na Turawa ne, amma jinin da ya fi zuba namu ne.

Ganuwar ƙasa tana iya shanye harsashi, zuciyar mutum ce ba ta iyawa. Mutum yana kwance cikin rami kwana da kwanaki, ana jifarsa daga inda ba ya iya ramawa. Sojojin Jamus 'yan ƙasa suka fara bijire wa umarni. Wasu suka fasa suka nufi kogi, alhali damina ta kankama, ruwa ya ƙaru, da yawa suka nutse. Ran 10 ga Yuni von Crailsheim ya ɗaga farar tuta. Kafin watan ya ƙare Ngaundare ta faɗi. Dutsen Mora ne kaɗai ya turje a arewa, inda Kyaftin von Raben ya riƙe har watan Fabrairu 1916.

Bari in ƙara maka da wata tsohuwar igwa, don kada labarai biyu su cakuɗe maka idan dattawa suna hira. Tun kafin wannan yaƙi, wani hafsan Faransa mai suna Mizon ya hauro Binuwai a farkon shekarun 1890, ya bar wa Lamiɗo Zubairu na Adamawa igwa biyu. Da su aka tari Ingilishi ranar da suka ci Yola, a watan Satumba 1901. Zubairu ya fice, ya sake gwabzawa da Jamusawa a nan Garwa cikin Nuwamba na shekarar. Igwa biyun nan da Mizon ya bari ma ta ruwa suka zo.

Idan wata rana ka ci karo da tsohuwar igwa a gaban wani gini ko a bakin tasha, kada ka tsaya ga abin da aka gaya maka kawai. Zagaya ta gindinta, inda ake ɗura harsashi, ka goge ƙura da tsumma mai laima, kada ka kankare da ƙarfe. A nan maƙera ke buga shekara da lamba. Ta Jamus sau da yawa za ka ga sunan Krupp, ta gwamnatin Ingila kuma akwai wata 'yar alama kamar kan kibiya. Ka ɗauki hoton rubutun da safe ko da la'asar, lokacin da rana ke bugowa ta gefe, don haruffan da tsatsa ta ci su fito.