Filin Gwamnati da Bindigar Aljihu: Bayani Daga Jihar Teksas

Jama'a, ga wani bayani da ya kamata duk mai niyyar zuwa Amurka ya sani, ko don karatu ko fatauci ko ziyarar ɗan'uwa. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. A can, mutumin da kuke layin sayen abinci tare yana iya kasancewa da ƙaramar bindiga a ƙarƙashin riga, kuma doka ce ta ba shi. Sai dai kowace jiha da tata dokar. Bari mu ɗauki Teksas.

A 1995 Gwamna George W. Bush ya sa hannu a kan dokar da ta ba mai lasisi izinin yawo da ƙaramar bindiga a ɓoye. Daga 1 ga Satumba 2021 kuma aka sassauta: wanda ya kai shekara 21, in dai ba shi cikin waɗanda doka ta haramta wa, yana iya ɗauka ko ba lasisi. Duk da haka akwai wuraren da ba a shiga da ita, kamar kotu, da rumfar zaɓe, da sashen filin jirgin sama da ke bayan wurin bincike.

To, mai gida ko mai kanti fa? Shi yana da ikon hanawa. Don hana mai lasisi shiga da ita a ɓoye, sai ya kafa allo a ƙofa yadda sashe na 30.06 na dokar laifuffuka ya tsara: da Turanci da Sifaniyanci, haruffa manya masu tsawon inci ɗaya aƙalla, a inda kowa zai gani. Hukuma kuwa ba ta da wannan iko yadda ta ga dama. Tun 2015 doka ta ce ma'aikatar jiha ko hukumar birni da ta kafa irin allon nan a wurin da ba ya cikin jerin haramtattu za ta biya tara, daga dala 1,000 a karon farko, daga dala 10,000 in ta maimaita. Hujjar masu wannan doka ita ce filin gwamnati na kowa ne.

A nan gizo ke saƙa. Idan ƙasar ta gwamnati ce, amma wata ƙungiya ce ta karɓi haya tana taro a kai, maganar wa za a bi?

A birnin Dalas akwai fili mai suna Fair Park, eka 277, mallakar hukumar birni. A nan ake babban bikin baje kolin jihar, wanda aka fara tun 1886, ana kwana 24 ana yi, mutane fiye da miliyan 2 suna zuwa. Masu shirya shi ba gwamnati ba ne, ƙungiya ce mai zaman kanta da ke hayar filin. A da suna barin mai lasisi ya shiga da bindigarsa a ɓoye. Ran 14 ga Oktoba 2023 wani ya buɗe wuta a wajen cin abinci, mutum uku suka ji rauni, jama'a suka watse da gudu. A Agusta 2024 ƙungiyar ta ce daga yanzu ba mai shiga da bindiga sai 'yan sanda, masu aiki da waɗanda suka yi ritaya.

Antoni Janar na jihar, Ken Paxton, ya kai ƙara, ya ce filin na birni ne, don haka hanin ya saɓa doka. Abin dariya, a 2016 ofishinsa ne ya ba da fatawar cewa ƙungiyar da ta yi hayar filin gwamnati tana iya hanawa in ba hukuma ce ta sa ta ba. Da rigima ta taso sai ya janye fatawar. Kotun Dalas ta ƙi dakatar da hanin, Kotun Ƙolin jihar ma ta ƙi, aka buɗe biki ran 27 ga Satumba 2024 da hanin yana nan daram.

A ganina masu bikin sun fi gaskiya. Wanda ya tara dubban mutane da yara da tsofaffi wuri guda, shi za a tuhuma in jini ya zuba, don haka bai kamata a ɗaure masa hannu a bakin ƙofa ba. Amma masu ɗaya ra'ayin ba banza suke magana ba: suna tsoron hukuma ta riƙa ba da hayar filayenta don ta zagaye doka ta bayan gida.

Kai kuma mai karatu, kada ka ce tun da fili na gwamnati ne an yarda, ko an hana. Tambayi wanda ke riƙe da wurin, ka karanta allon da ke ƙofa kafin ka sa ƙafa. In ka ƙetare iyakar jiha, sake tambaya daga farko. In kuma da bizar ziyara ko ta karatu ka shiga ƙasar, ka sani dokar tarayya ta hana ka riƙe bindiga, sai da wasu 'yan togaciya kamar lasisin farauta. Kada ka taɓa ta aboki ko da wasa.