Darasi: Yadda manhajar lissafin al'ada ke gano ranakun ɗaukar ciki

Manhajoji irin su Flo da Clue ba sa ganin abin da ke cikin jiki. Hasashe suke yi da ranakun da kika shigar musu, kuma tushen lissafin za ki iya yin sa da biro.

Ƙwai yakan fito kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Ki ƙirga daga ranar farko ta jini zuwa jajibirin na gaba. Idan kwana 28 ne, ƙwai na fita wajen rana ta 14. Idan 32 ne, wajen ta 18. Nan mutane da yawa ke kuskure, suna riƙe 14 ga kowa.

Maniyyi na iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace, ƙwai kuwa ba ya wuce awa 24. Saboda haka kada ku jira ranar da manhaja ta yi wa alama. Ku fara kusantar juna kwana biyar kafin ta, kullum ko bayan kwana bibbiyu. In kika ga farin ruwa mai yauƙi kamar na ɗanyen ƙwai, ki fi gaskata shi a kan waya.

Ki riƙa rubuta ranakun a takarda ma. Mutanen Batsari da Safana ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya na tsawon watanni.

Idan shekara ta cika ba labari, ko wata shida ga wadda ta haura 35, ku je asibiti tare. A gwada maigida shi ma.