Yadda Ake Warware Harshen Yaro da Taimakon Dabba a Makka

Sanannen abu ne ga masu tarbiyya cewa yaron da harshensa ya yi nauyi, ko mai in'ina, sau da yawa ya fi sakewa gaban dabba bisa ga gaban mutum, domin dabba ba ta yi masa dariya, ba ta gaggauta shi. Ya zo a cikin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana tambayar Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, labarin ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. A zamaninmu kuwa, wani masanin halayyar yara a Amurka, Boris Levinson, ya wallafa maƙala a 1962, bayan ya ga yaron da ya ƙi yi masa magana yana yi wa karen shi masanin magana. Ga yadda iyalan Hausawa na Makka, ko a Misfala suke ko a Shara Mansur, za su bi wannan hanya.

Da farko, wajibi ne a san illar kafin a nemi magani. Sai a kai yaro a auna jinsa, domin wanda bai ji sauti sosai ba, ba zai iya furta shi daidai ba. Sa'an nan masanin gyaran furuci ya tantance ko jinkirin magana ne, ko in'ina, ko raunin gaɓoɓin baki. Shi ne zai tsara darasi, kuma shi za a shaida wa cewa yaron Hausa yake ji a gida, Larabci a makaranta, don a auna shi da harsunan biyu.

Na biyu, zaɓen dabba. Ko da yake Turawa sun fi aiki da kare, mutanen Makka ba su ajiye shi a ɗaka, saboda hukuncin da fiƙihu ya yi wa yawunsa. Kyanwa kuwa, wadda shari'a ta tabbatar da tsarkinta, ita ta fi dacewa, sai zomo. Sharaɗi ne dabbar ta kasance mai haƙuri, likitan dabbobi ya yi mata rigakafi, an kuma tabbatar gashinta ba ya tayar wa yaro da asma. Amma tantabarun Harami, tun da yake haramun ne a farauce su ko a firgita su, iyakar abin da za a yi shi ne yaro ya dube su, ya ƙidaya su, ya faɗi abin da suke yi.

Na uku, sabo. A zaman farko ba a neman kalma ko ɗaya daga bakin yaro, sai dai a bar shi ya duba, ya matso da kansa, ya shafa bayan dabbar, har tsoro ya fita daga zuciyarsa.

Na huɗu, wanda shi ne ginshiƙin aikin, a ba yaro dalilin magana. Malami, wato mai yi wa yaron darasi, zai riƙe kwanon madara, ya ce "sha" a fili, sa'an nan ya yi shiru yana duban yaron, ba zai miƙa kwanon ba sai ya ji wani sauti daga gare shi, kome ƙanƙantarsa. Idan sautin ya fito, nan take a ba shi kwanon ya ajiye wa kyanwar, domin ya gane da idonsa cewa furucinsa ne ya jawo abin da ya faru. Kiran kyanwa da "mus-mus", ko "bis-bis" irin na mutanen Hijaz, yana horar da leɓɓa. Daga nan a hau sannu a hankali: "zo", sai "zo nan", sai "zo ki sha madara", har ya kai ga ba ta labari, ko karanta mata darasinsa. Idan ya yi kuskure ba a tsawata masa, sai malami ya maimaita kalmar daidai cikin nasa zancen. Gajeren zama kullum ya fi dogon zama sau ɗaya a mako.

Yaron da jikinsa ke da rauni kuwa, akan ɗora shi bisa doki mai ladabi, mutum na jan linzami, wasu na riƙe da shi ta gefe, domin tafiyar doki tana daidaita zama da numfashi, numfashi kuwa shi ke ɗaukar murya. Ba a yin wannan sai da izinin likita, kuma saboda zafin Makka sai da sanyin safiya ko bayan la'asar.

Daga ƙarshe, a mayar da maganar ga mutane, gama su ne maƙasudi. Kalmar da yaro ya faɗa wa kyanwa yau, gobe a sa ya faɗa wa mahaifiyarsa, jibi ga yayyensa, sa'an nan ga mai kanti. A riƙa rubuta sababbin kalmominsa a littafi ana kai wa masanin. Idan watanni suka shuɗe ba a ga ƙari ba, shi ne zai sake duba yaron ya canja tsari.