A DAIDAITA DUTSE KAFIN A WASA WUƘA

Wannan takarda an rubuta ta domin samarin da suka shiga koyon aikin fata a masana'antun Kano, watau na Bompai da Sharaɗa da Challawa, da kuma mahauta da makiyaya waɗanda fatunsu ke zuwa can.

Kowa ya san fatar jar akuya ta ƙasar Hausa ta yi suna tun zamanin da ayari ke ƙetare hamada da ita. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai cinikinta ya ƙaru. Amma komai kyan akuya, in wuƙa ta huda fatar ko ta zabtare ta wajen fiɗa, darajarta ta faɗi, mai saye ya rage kuɗi. Dakusasshiyar wuƙa ita ke jawo wannan, gama tana sa mutum ya danna da ƙarfi. Wuƙa kuwa ba ta yin kaifi sosai sai bisa dutsen da fuskarsa ta daidaita.

SABON DUTSE BA LALLE NE YA DAIDAITA BA

Kada ka ce tun da ka sayo shi sabo fil a kwali shi ke nan. Yawancin duwatsun washi na kasuwa ba daga tsauni aka fasa su ba. Garin wani abu mai tauri ake curawa a gasa da wuta. Irin wanda ake kira kabarandam wani mutumin Amurka, Edward Acheson, ya gano shi a 1891. Wajen gashi dutse yakan ɗan karkace, ko tsakiyarsa ta lotsa, ko ta yi tozo. Ido ba ya gani, amma wuƙa tana ji.

Ga ɓarnar da ke ciki. In dutse ya lotsa, bakin wuƙa ba ya kwanciya bai ɗaya, wani wuri ya ci, wani wuri ya tsira. Mai koyo sai ya zaci laifin hannunsa ne, ya dinga murɗa wuyan hannu don ya bi ramin, har hannun ya saba da kuskure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hannun da ya saba da karkataccen dutse kuwa da wuya ya miƙe.

YADDA ZA KA GWADA

Ka ɗora gefen rula ta ƙarfe bisa dutsen, a tsaye da a kwance da kusurwa zuwa kusurwa, ka ɗaga wajen haske. In haske ya ɓullo ta ƙarƙashi, dutsen yana bukatar gyara.

YADDA ZA KA GYARA

1. Ka zana layuka da fensir a fuskar dutsen duka, a giciye, kamar gidajen dara.

2. Ka samo gilashi mai kauri, ka ajiye shi bisa tebur. Ka jiƙa samfefa irin wadda ruwa ba ya ɓata ta, mai lamba 120, ka shimfiɗa ta a kai.

3. Ka kifa dutsen, ka goga shi gaba da baya da kewaye, hannu biyu, ba da danni mai yawa ba. Ka riƙa juya kai zuwa gindi, kana yayyafa ruwa.

4. Ka duba. Inda zane ya goge nan ne tudu, inda ya saura nan ne kwari. Ka ci gaba har zanen ya goge sarai. Sa'an nan ka sake zane, ka maimaita da mai lamba 220.

5. Ka ɗan kashe kaifin gefunan dutsen, don kada su ɓantare ko su karce wuƙa. Ka wanke shi tas, gama ƙwayar yashi guda ta isa ta ɓata baki.

In babu gilashi, daɓen siminti mai santsi da lallausan rairayi da ruwa sun yi, amma ka fara gwada daɓen da rula. In kuna da duwatsu uku, ku goga na fari da na biyu, na biyu da na uku, na uku da na fari, kuna zagayawa. Biyu kaɗai ba su isa ba, don ɗaya yakan lotsa ɗaya ya yi tozo, su dace da juna alhali duka a karkace suke. Da wannan dabara ta uku Joseph Whitworth na Ingila ya daidaita farantan ƙarfe wajen 1830.

BAYAN WANNAN

Yanzu ne lokacin koyon washi ya yi. Ka ɗaga bayan wuƙa kaɗan, misalin digiri 20, kada ka sake shi. Ka bi dutsen daga wannan kai zuwa wancan, kada ka tsaya a tsakiya, don nan ne rami ke farawa. Dutsen da aka fara da mai a zauna kan mai, wanda aka fara da ruwa a zauna kan ruwa.

Dutse yana cin wuƙa, wuƙa ma tana cinsa. Saboda haka ka riƙa mayar da rula kansa loto-loto, da ka ga haske ka gyara tun ramin bai yi zurfi ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa abokan aikinsa wannan takarda.